DStv, StarTimes ko dish na kyauta: wanne ne ke fito da tashoshinmu na gida garau?

Jama'a duk wanda zai sayi dikoda yanzu abu na farko da mai shago zai nuna masa shi ne HD ɗin nan, wato alamar hoto garau, da aka rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwali, sai ya kunna maka tashar ƙwallo a wata shirgegiyar filasma, ka ga ciyawa kore shar, kana iya karanta lambar bayan rigar ɗan wasa daga bakin ƙofar shagon, shikenan ka zaro kuɗi. To ni dai maganata a nan ba a kan ƙwallo take ba, a kan tashoshinmu na gida ne, su NTA da AIT da Channels da TVC da Trust TV, da kuma na Hausa irin su Arewa24 da Africa Magic Hausa da NTA Hausa da Liberty da Farin Wata, don a yawancin gidajenmu su ake kunnawa tun daga safe har a kwanta, ƙwallo kuwa sai ƙarshen mako, ita ma ɗin samari sun fi son su je gidan kallo inda za a yi musu da ihu.

Na yi amfani da DStv, na yi da StarTimes na dish, sannan akwai risiba ta kyauta a gidanmu wadda Hajiya ba ta yarda a taɓa mata ba, kuma abin da na fahimta shi ne HD ɗin jikin kwali yana nufin dikodar za ta iya nuna HD idan an aiko mata da shi, ba wai duk tashar da ka kamo za ta fito a haka ba. Wannan bambancin shi ne masu shago ba sa tsayawa su yi wa mutum bayani, kuma a nan ne ake kwasar mutane.

Hoton talabijin na da, wanda ake kira SD, ɗigo 720 ne a kwance 576 a tsaye. HD kuma ko dai 1280 da 720, ko kuma cikakken wato 1920 da 1080, wanda ɗigoginsa sun ninka na SD sau biyar. A zamanin talabijin mai doro inci 14 ko 21 babu wanda ya damu, hoton SD ya ishe ta har ya yi kyau. Amma yanzu da kowa ya koma filasma inci 43 ko 50, har a kayan ɗakin amarya ita ake sawa, sai ya zama ƙaramin hoton nan ne talabijin ke ja tana buɗawa don ya cika allo, shi ya sa za ka ga mai karanta labaran ƙarfe tara ya sha babbar riga amma aikin wuyan ya haɗe ya zama dunƙule ɗaya, zanen hularsa yana rawa-rawa duk sanda ya motsa kai, rubutun da ke gudu a ƙasan allo kuma gefensa ya yi dishi-dishi sai ka matso. A watan azumi abin ya fi damuna, lokacin tafsiri idan aka sa aya a allo, wasulla su cakuɗe, dattijon da idonsa ya fara rauni ba ya iya bi, alhali ana canjawa zuwa tashar Saudiyya mai nuna Harami za ka ga rubutun jikin rigar Ka'aba tar kamar ka taɓa.

DStv dai kowa ya san su, na kamfanin MultiChoice ne na Afirka ta Kudu, tun 1995 suke, kuma a 2025 kamfanin Canal+ na Faransa ya karɓe ragamar kamfanin. A gaskiya ta fannin kyan hoto a tashoshinsu na kansu, musamman SuperSport, ban ga wanda ya kama ƙafarsu ba a ƙasar nan, kuma tsarin tashoshin a jere yake ba ya rikita mutum, Africa Magic Hausa tana 156, Arewa24 tana 261, Arise 416, Channels 420, ko yaro ya haddace. Rimot ɗinsu yana da sauƙi, jadawalin shirye-shirye yana fitowa ka san abin da za a sa anjima. Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi. Sun yi ƙari a watan Mayu na 2023, suka sake a Nuwamba, suka ƙara a Mayun 2024, sannan a Maris na 2025 babban tsarinsu wato Premium ya koma naira 44,500 a wata, Compact 19,000, ƙaramar wato Padi 4,400. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 fa. Har hukumar kare haƙƙin masu saye FCCPC ta shiga maganar aka kai ga kotu, 'yan majalisa ma sun sha tayar da batun a riƙa cajin mutum gwargwadon abin da ya kalla, don wata yana ƙarewa ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. Idan kai tashoshin gida ne damuwarka to kar ka yi tunanin hawa babban tsari zai ƙara musu haske, ba zai ƙara ba, tashar labaran gida yadda take fita ga mai Padi haka take fita ga mai Premium, abin da ƙarin kuɗin ke saya maka ƙarin tashoshi ne na waje da manyan wasanni.

GOtv ƙanwar DStv ce, ta shigo a 2011, amma ita ba ta tauraron ɗan adam ba ce, da eriya take aiki daga turakun da suka kafa a garuruwa, don haka in kana ƙauyen da turke bai kai ba ma ba ta cikin lissafinka. Na faɗa ne don na sha jin mutane suna haɗa su.

StarTimes kuma na 'yan Chana ne, sun shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, kuma suna da iri biyu, na eriya da na dish. Ni a ganina ta fannin yawan tashoshin Hausa da na gida su suka fi kula da talaka, akwai NTA Hausa, akwai tasharsu ta Hausa ta kansu, ga Arewa24, ga finafinan Indiya da mata ke so, kuma abin da ya fi burge ni shi ne za ka iya biyan na sati, ba dole sai na wata ba, wanda ga mai nema yau ya ci yau wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, ranar da aka samu a loda, ranar da babu a haƙura. Su ne kuma suka yi aikin nan na kai talabijin ƙauyuka dubu goma a Afirka da shugaban Chana ya yi alƙawari a taron Johannesburg na 2015, inda Najeriya ta samu ƙauyuka dubu ɗaya. Mai son Firimiyar Ingila dai ya san ba a nan zai samu duk wasanninta ba, amma iyalin da abin kallonsu labarai ne da wasan Hausa da wa'azi da katun na yara, kuɗinsu ba zai tafi a banza ba.

Sai dish na kyauta, wanda a Arewa shi ne na gidan kowa tun kafin waɗannan su yi yawa, ka sayi risiba irin su Strong, ka sayi dish da LNB, wato ɗan kan nan da ke gaban dish mai kamo sigina, da waya, ka kira mai saiti ya hau sama, daga ranar babu mai sake tambayarka ko sisi. Arewa24 tun da ta fara a 2014 kyauta take a tauraro, haka tashoshin addini da dama irin su Sunnah TV da Manara, ga na Larabawa a tauraron Nilesat. Matsalarsa ɗaya ce babba, babu wanda ya yi maka alƙawarin komai, tasha tana iya canja mita ko ta koma wani tauraron ka wayi gari ka ga baƙin allo, sai an nemo sabuwar lamba an sake sikanin, wani lokacin sai an juya dish ɗin gaba ɗaya ko a ƙara wani LNB ɗin. Sannan a kula da wannan sosai, tsohuwar risiba mai MPEG-2 ba ta buɗe tashar HD, za ka ga sunan tashar ya fito, wani lokacin har ka ji murya amma babu hoto. Wadda za ka saya ka tabbata an rubuta DVB-S2 da MPEG-4 ko H.264, in da hali ma mai H.265 don sababbin tashoshi can suka nufa.

To me ya sa tashoshin gida da yawa ba sa fita garau ko a wanne kamfani? Abin hawa-hawa ne. Na farko ita tashar kanta, in kyamarorinta da na'urorin ɗakin watsa shirinta na da ne to babu wani tauraro da zai gyara, abin da aka ɗauka shi za a gani. Tsofaffin finafinan Kannywood da aka yi don faifan bidiyo na CD, wanda hotonsa ɗigo 352 da 288 ne kacal, ko a ina aka sa su haka za su fito da hazo-hazo, wannan ba laifin kowa ba ne, zamaninsu ne. Na biyu kuma shi ne gurbi a kan tauraro, kuma a nan ne nake da ƙorafi. Tauraron nan da ke can sama kimanin kilomita 36,000 haya ake kamawa a jikinsa da dala, kuma gurbin kamar motar haya ce a tasha, kujerun ƙidayayyu ne, tashar HD ɗaya tana cin wurin tashoshin SD da yawa, sai a ba ƙwallo da finafinan waje gidan gaba su miƙe ƙafa, tashoshin gida kuma a cusa su a baya a matse. Idan aka matse hoto da yawa, da zarar an yi motsi mai sauri, kamar hawan daba ko rawa a fim ko taron siyasa da jama'a ke ɗaga hannu, sai ka ga hoton ya farfashe ya zama 'yan akwatuna.

Abin da ke tabbatar min da cewa ba kullum laifin masu shirin ba ne, shirye-shiryen Hausa masu dogon zango na yanzu da kyamarori masu kyau ake ɗaukarsu, ka buɗe YouTube a wayarka ka sa 1080 ka ga yadda fuskar jaruma da adon lallen hannunta ke fita ras, shirin nan dai shi ne, amma a babban allon falo ta dish sai ya dusashe. Ke nan an yi aikin da kyau, a hanya ne aka rage masa. Kuma wallahi abin yana min ciwo, don mutanen nan suna kashe kuɗi da lokaci, masu kallon Hausa kuma miliyoyi ne daga Kano har Maraɗi da Damagaram inda suke kamo Arewa24 ta Canal+, masu talla suna samun kasuwa da mu, bai kamata a ce harshenmu ne kullum a ƙarshen layi ba idan ana rabon gurbi mai kyau.

Na uku kuma, wanda shi ne a hannunmu, waya. Ku zagaya bayan talabijin ɗinku yau ku duba. In kun ga wayar nan mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, ita ce ta haɗa dikoda da talabijin, to ko tashar HD ce SD kuke kallo, don wannan wayar ba ta ɗaukar HD sam. HDMI ake so, mai faffaɗan kai ɗin nan guda ɗaya. Na shiga gidaje da dama na ga dikoda HD, filasma sabuwa dal, ana biyan kuɗin wata, amma mai saitin ya jona da mai kai uku ya tafi abinsa saboda ita ce a kusa, masu gida kuma ba su sani ba shekara da shekaru. Bayan an sa HDMI a shiga saitin dikoda a duba an sa ta a 1080, a kuma gyara faɗin allo ya zama 16:9, in ba haka ba za ku ga mutane sun yi gajeru sun yi faɗi. Kuma ba sai ka sayi HDMI mai tsada ba, matsakaiciya mai kauri ta wadatar, in dai tana aiki hoton ɗaya ne.

Maganar mai saiti ma abin dubawa ce. Wanda ya fara yi mana aiki, ba zan kama suna ba, yana ganin hoto ya fito ya sauko ya karɓi kuɗinsa, ashe ƙusoshin ƙafar dish ɗin ma bai ɗaure da kyau ba, iskar farkon damina tana kaɗawa komai ya ɗauke. Wanda ya zo gyara daga baya shi ne na ga aiki, ya hau da 'yar na'urarsa a rataye a wuya, yaronsa yana ƙasa gaban talabijin yana ɗaga murya, oga ya hau, oga ya sauka, shi kuma yana ɗan taɓa dish ɗin kaɗan-kaɗan da tafin hannu, ya murɗa LNB ɗin kamar mai saita agogo, sai da layin kwaliti ya cika sosai sannan ya ɗaure, ya naɗe bakin wayar da salatif don kar ruwa ya shiga. Da na ce masa injiniya ai tun ɗazu ya kawo, sai ya ce min Alhaji kawowa daban zama daban, wanda ya kawo da kyar hadari kaɗan zai ɗauke shi. A allon saiti layi biyu ne, ƙarfin sigina da kwaliti, na biyun shi ne abin kallo, kuma tashoshin HD sun fi saurin yankewa idan ya yi ƙasa.

Ruwan sama kam babu kamfanin da ya tsira, duk waɗannan ƙananan dish ɗin a zangon sigina da ake kira Ku suke aiki, shi kuma ruwa mai ƙarfi yana shanye shi, shi ya sa a watan Agusta da hadari ya haɗu za ka ga hoto ya tsaya cak tun kafin ruwan ya sauko unguwarku. Abin da ke rage shi dish mai ɗan girma, in ana ce maka santimita 60 ya isa kai ka sa 90 in aljihu zai ɗauka, da waya mai kyau ba wadda cikinta kamar gashi ba, araha ba ta ado.

Akwai kuma abin da mutane ke mantawa sai bayan sun saya, tashar jiharka. NTA da kake gani a dish ta ƙasa ce, ba NTA ta garinku ba mai sanarwar ɗaurin aure da labaran unguwanni, kuma ba kowace tashar jiha ce ke kan tauraro ba. Don haka wanda ke son irin su ARTV a Kano, tsohuwar CTV 67, ko tashar jiharsa, kar ya yar da eriyarsa, ya tambaya tukuna ko tana cikin jerin abin da zai saya. Da shirin gwamnati na komawa dijital ya tafi yadda aka tsara da yanzu an wuce wannan wurin, wa'adin duniya 17 ga Yunin 2015 ne, Najeriya ba ta cika ba, aka fara gwaji a Jos a Afrilun 2016, Abuja a Disambar shekarar, Kaduna a ƙarshen 2017, Kano sai 2021, da akwatin FreeTV, amma aka shafe shekaru jihohi da yawa abin bai kai su ba. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ya kamata ta riƙe wannan da gaske, mu da muke da tauraronmu NigComSat-1R a sama tun 2011, ban ga dalilin da zai hana a tara tashoshin jihohi da na ƙasa wuri ɗaya a fito da su garau kyauta ba.

In ka tambaye ni wanne zan ce ka saya, ya danganta da gidanka. Mai gidan kallo ko wanda ƙwallon Turai ce rayuwarsa, DStv, babu wata magana, ya dai shirya wa kuɗin. Magidanci mai iyali da ke son tashoshin Hausa da na yara kuma yana so ya riƙa biya daidai ƙarfinsa, StarTimes na dish ya fi masa, musamman in yana wajen gari. Wanda kuma labarai da wa'azi da Arewa24 sun ishe shi, irin iyayenmu, a saya musu risiba mai kyau ta kyauta a samo mai saiti na kirki a riƙe lambarsa, an gama. Gidaje da yawa ma biyu suke haɗawa, na biya da na kyauta, ranar da kuɗin wata ya ƙare a koma ɗayan, kuma ni ma hakan na fi ganin hikimarsa.

Ranar da za ka saya, ko a Sabon Gari ne ko a ina, kar ka bari a nuna maka tashar ƙwallo kawai. Ka ce malam don Allah kamo min tashar da ake kallo a gidana, ka faɗi sunanta, a kan talabijin mai girman taka, ka tsaya nesa kamar yadda kujerar falonka take, ka jira a sa rubutu a ƙasan allo ka gani ko kana iya karantawa ba tare da ka matsa ba. A risibar kyauta in ka danna maɓallin bayani yawanci tana nuna maka ko 576 ne ko 720 ko 1080. Ka kuma buɗe kwalin a gabansa ka tabbata akwai HDMI a ciki, in babu a sa maka ita cikin ciniki kafin ka biya.